Ya Yi Kyau a Laftaf, Ya Wargaje a Waya: Yadda Ake Gina Shafin Intanet Don Wayar da Ke Hannun Mutanenmu

Aikin farko da aka taɓa biya na a kansa shafin intanet ne na wani Alhaji mai sayar da shadda da atamfa. Mako uku na shafe ina gina shi a kan wata tsohuwar laftaf da na saya ta hannu, ina bin bidiyon koyarwa da tsakar dare lokacin da data ke araha. Ranar da na gama, na saɓi laftaf ɗin na tafi shago, na buɗe ta a kan teburin da ake yankan yadi. Hotuna manya-manya, menu a jere a sama, kaya a sahu huɗu reras. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce ma sha Allah. Sai ya waiga wajen yaron shagonsa ya ce, "Kai, buɗe mana a wayarka mu gani."

Muka tsaya muna kallon farar fuska har na fara jin gumi a bayana. Da shafin ya ga dama ya buɗe, rubutun ya fito ƙanana kamar jerin tururuwa. Yaron ya sa yatsu biyu ya zuƙo, sai farashin ya gudu gefe ya bar hoton shi kaɗai. Maɓallin WhatsApp, wanda shi ne dalilin gina shafin gaba ɗaya, ya shige ƙarƙashin wani hoto ya ɓuya. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya nuna laftaf ɗina ya ce, "To ɗana, ai masu sayen kayana ba su da wannan akwatin naka. Da irin wannan suke zuwa." Ya ɗaga wayar yaron.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako guda."

Abin da na koya a wannan makon, da abin da na ƙaru da shi daga baya, shi zan shimfiɗa a nan. Idan kana koyon gina shafuka, zai rage maka jin kunyar da na ji. Idan kuma kai mai amfani da waya ne kawai, za ka gane cewa sau da yawa in shafi ya ba ka wahala, ba laifin wayarka ba ne, ba kuma rashin iyawarka ba ne. Wanda ya gina shi ne bai tuna da kai ba.

Me ya sa rubutun ya zama tururuwa?

Shekaru da dama ana gina shafuka ne don fuskar kwamfuta, ana yanka musu faɗi tsayayye, galibi fiksel 960 ko kusa da haka. Da kamfanin Apple ya fito da iPhone a 2007, sai ya tarar duk intanet an ɗinka ta ne a kan awon kwamfuta. Dabarar da ya yi ita ce burauzar wayar ta riƙa yi kamar faɗinta fiksel 980 ne, ta zana shafin a haka, sannan ta tsuke shi ya shiga 'yar fuskar. Burauzocin Android ma haka suke yi. Wato tururuwar da muka gani a shagon Alhaji ba lalacewa ba ce. Wayar ta yi abin da aka tsara mata ne idan ta haɗu da shafin da bai gaya mata cewa ya san da zamanta ba.

Layi ɗaya ake sakawa a kan shafi, wanda ke ɗauke da umarnin width=device-width, ma'ana "yi amfani da ainihin faɗin na'urar". Ni ban saka ba, don ban ma san da shi ba.

Amma layin kaɗai ba ya gyara komai, buɗe ƙofa kawai yake yi. A da, kamfanoni kan gina shafi biyu, na kwamfuta daban, na waya daban mai adireshin da ke farawa da harafin m, kamar m.facebook.com. Aiki biyu ke nan, gyara biyu, kuma na wayar kullum shi ne ɗan bora. A watan Mayun 2010 wani mai tsara shafuka ɗan Amurka, Ethan Marcotte, ya wallafa maƙala mai suna Responsive Web Design a mujallar A List Apart, ya kawo shawarar a gina shafi ɗaya tak wanda zai riƙa miƙewa da tsukewa gwargwadon fuskar da ya samu kansa a ciki. Abu uku ya haɗa: a auna faɗin sassan shafi da kaso cikin ɗari maimakon awo tsayayye, hotuna su riƙa bin girman mazauninsu, sannan a yi amfani da sharuɗɗan CSS da ke cewa idan fuska ta kai faɗi kaza, a sauya tsari zuwa kaza. Kafin shi da 'yan watanni, a 2009, Luke Wroblewski ya riga ya fara kira da a soma tsarawa daga waya, kwamfuta ta biyo baya. Google ya ƙara wa maganar nauyi: a Afrilun 2015 ya fara fifita shafukan da suka dace da waya a sakamakon binciken da aka yi daga waya, kuma zuwa 2023 ya sanar cewa ya kammala komawa duba shafuka da idon waya wajen jera su.

A ƙasashen da aka ƙirƙiro waɗannan dabaru, mutane sun fara da kwamfuta ne sannan waya ta zo ta same su. Mu nan, da yawanmu ta waya muka fara shiga intanet, kuma har gobe ita ce kwamfutarmu. Don haka abin da wasu ke ɗauka ƙarin kwalliya, a wajenmu shi ne ainihin aikin.

Filin da kake da shi: 360

Ɗauki irin wayoyin da suka cika kasuwanninmu, Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfani ɗaya ne ke yin su, wato Transsion na ƙasar Sin. Da yawa daga cikin masu sauƙin kuɗin, za ka ga an rubuta 720 x 1600 a jikin kwali. Kada wannan 720 ta ruɗe ka. Ɗigon fuskar waya ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa burauza ke haɗa biyu a faɗi ta ƙirga su a matsayin fiksel ɗaya na CSS. Abin da ya rage wa mai gina shafi shi ne 360. Cire ɗan sarari a dama da hagu don kada rubutu ya manne da baki, ka ga saura 328 ko makamancin haka. Nan ne shagonka. Duk abin da za ka baje, a nan za ka baje shi.

Da na fahimci haka, na watsar da tsohon tsarin na faro daga tushe. Na tsuke tagar burauzata zuwa 360, na tambayi kaina: wanda ya buɗe shafin nan, me ya zo nema? Hoton yadi, farashi, da hanyar yi wa Alhaji magana. Shi ke nan. Tarihin shago da jawabin maraba da na ɓata kwana biyu ina tsarawa suka koma can ƙasa. Kaya suka dawo sahu biyu, hoto a sama, suna da farashi a ƙarƙashinsa. Sai da wannan ya zauna daram sannan na fara jan tagar tana faɗaɗa. Inda na ga tsarin ya fara yin wofi, hotuna sun kumbura ba dalili, nan na saka sharaɗin a koma sahu uku, can gaba kuma huɗu.

A nan na saɓa da abin da wasu bidiyoyin koyarwa ke yi, inda za a ba ka jerin awon iPhone kaza da iPad kaza a ce ka haddace. Wayoyi sun fi ƙarfin haddacewa. Ka bar kayan da ke cikin shafin su nuna maka inda suke buƙatar sauyi. Yanzu ma abin ya ƙara sauƙi, domin tun 2017 manyan burauzoci suka karɓi tsarin CSS Grid, wanda za ka iya gaya masa cewa kowane akwati kada ya gaza faɗi kaza, ya jera iya adadin da fili zai ɗauka, shi kuma ya yi lissafin da kansa.

Gwaji mafi sauƙi da kowa zai iya yi: buɗe shafi ka ja shi gefe da yatsa. Idan ya motsa dama ko hagu, akwai abin da ya fi fuskar faɗi. Yawanci hoto ne da ba a yi wa iyaka ba, ko jadawali mai gidaje da yawa, ko doguwar kalma irin adireshin intanet da ta ƙi karyewa.

Ƙ, ɗ, ɓ: inda bidiyon Turawa ba zai taimake ka ba

Mafi yawan abin da ke cikin shafin intanet rubutu ne, don haka a nan zan fi daɗewa.

Mu fara da abin da ya shafi kowane harshe. Girman rubutun da burauza ke bayarwa tun asali fiksel 16 ne, kuma ban ga dalilin yin ƙasa da shi a jikin labari ba. Masu koyo na son 12 ko 13 saboda yana kama da na ƙwararru a laftaf, amma a waya azaba ne. A iPhone ma, idan rubutun cikin gidan cike fom bai kai 16 ba, da ka taɓa shi burauzar Safari za ta zuƙo shafin da kanta, tsari ya karkace. Tazarar da ke tsakanin layi da layi ta kai kamar ninki ɗaya da rabi na girman harafi. A babbar fuska kuma a yi wa faɗin rubutu linzami, domin masana tsara littattafai sun daɗe da lura cewa layin da ke tsakanin haruffa 45 zuwa 75 ya fi daɗin karatu. In ya wuce haka, ido kan ɓace wajen dawowa farkon layi na gaba.

Sai launi. Akwai yayin rubuta toka-toka a kan fari. A ɗaki mai labule yana da kyau. Fita da shi tsakar rana a watan Afrilu, a wayar da mai ita ya rage haske don batir ya kai shi yamma, ka ga ko za ka iya karanta farashi. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda ƙungiyar W3C ta fitar don sauƙaƙa wa kowa amfani da intanet, sun ce bambancin hasken rubutu da na bango ya kai 4.5 a kan 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 a kan 1 ga manyan haruffa. Tokar da ake yawan amfani da ita, mai lamba #999999, ba ta ma kai 3 ba a kan fari. Sai ka duhunta ta zuwa #767676 kafin ta tsallake da ƙyar. Ni dai yanzu kusan baƙi nake sakawa in huta.

Yanzu ga namu na gida. Ka taɓa karanta labarin Hausa ka ga duk inda ƙ ko ɗ ta fito, ta fi sauran haruffa kauri ko siranta, ko ta ɗan ɗaga sama kamar baƙuwa a cikin kalmar? Ko ka ga ɗan akwati fanko a gurbinta? Dalilin shi ne kowane zubin haruffa, wato fayil ɗin da ke ɗauke da siffar a, b, c da sauransu, yana da iya haruffan da mai zana shi ya zana. Mafi yawan masu ƙayatarwa an zana su ne don harsunan Turai. Idan burauza ta zo kan ƙ ba ta same ta a zubin da ka zaɓa ba, sai ta je ta aro daga wani zubin da ke cikin wayar. Aron ne kake gani ya bambanta. Idan babu inda za ta aro, sai ta ajiye akwati.

Akwai wani tarko a ciki da ya ci ni. A kundin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, haruffanmu ba a unguwa ɗaya suke zaune ba. Ƙ da ƙ, da manyan Ɗ da Ɓ, da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke rubuta 'y, duk suna rukunin da ake kira Latin Extended-B. Amma ƙananan ɗ da ɓ suna can wani rukuni daban, na alamomin nazarin furuci, IPA Extensions. Saboda haka zubi zai iya cewa yana ɗauke da ƙarin haruffan Latin, ka gwada ƙ ka ga ta fito lafiya, ka saki jiki, alhali ɗ da ɓ babu su. Haka ta faru da ni: "ƙwarai" ta fito sumul, "ɗinki" ta fito da ɗingishi. Tun daga ranar, kafin in ɗauki kowane zubi sai na liƙa masa jimlar gwajina, wadda ta tara su duka, manya da ƙanana, a rubutu siriri da mai kauri: "Ɗan ƙauye ya ɓoye ƙwarya, Ɓaidu ya ɗauka, Ƙasimu ya ƙi." Ba ta da wata ma'ana, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Waɗanda na gwada suka cika sun haɗa da Noto Sans da Noto Serif na Google. Sunan Noto ma daga wannan matsala ya samo asali, domin masu harkar suna kiran akwatin nan fanko da tofu, wato awara, shirin kuma burinsa a daina ganin awara a rubutun kowane harshe. Akwai kuma Charis da Andika da Gentium na ƙungiyar SIL, waɗanda aka zana da harsuna irin namu a zuciya, kuma kyauta ne.

Wani zai ce to a bar ƙugiyar mana, ai ana ganewa. Ana ganewa a hira tsakanin abokai. Amma ƙasa ba kasa ba ce, ƙafa ba kafa ba ce, baƙi ba baki ba ne, kuma wanda ya rubuta "za a daura" ya bar mai karatu yana laluben ko aure ake nufi ko garin Daura. Shafin kasuwanci ko na labarai da ke zubar da ƙugiya yana gaya wa mai karatu cewa ba a ɗauki harshensa da muhimmanci ba.

Idan kuwa ka ga Æ™ a inda ƙ ya kamata ta kasance, wannan wata cuta ce daban. An adana rubutun da tsarin UTF-8, inda ƙ ke cin gurbi biyu, sai aka karanta shi da tsohon tsarin Turai da ke ɗaukar kowane gurbi a matsayin harafi guda. Maganinsa a tabbata shafin da rumbun bayanai da duk abin da ke tsakaninsu UTF-8 suke magana da shi. A kuma saka lang="ha" a saman shafi, don burauza da injin bincike da manhajojin da ke karanta wa makafi rubutu su san Hausa ce.

Saura biyu da ban taɓa ganin an koyar a wani bidiyo ba. Na farko gidan bincike. Mutum zai rubuta "dinki" saboda madannan wayarsa ba su da ɗ, ko yana sauri, shafinka kuma ya ce babu, alhali akwai "ɗinki" har guda ashirin. Dabarar da masu shirya manhaja ke amfani da ita wajen mayar da é ta Faransanci zuwa e ba ta aiki a kan haruffanmu, domin a Unicode ƙ harafi ne mai zaman kansa, ba k da aka ɗora wa alama ba. Dole ka rubuta da hannunka cewa wajen bincike a ɗauki ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b a matsayin abu ɗaya. Layi uku ne ko huɗu. Na biyu ɗan waƙafin sama da ke cikin Sa'adatu da Mu'azu da Rabi'u. Fom nawa ne suka taɓa ce maka sunanka ba daidai ba ne saboda shi? Mai ginin ne ya kwafo sharaɗin da ke karɓar a zuwa z kaɗai, ko yana tsoron alamar za ta rikita masa rumbun bayanai. Tsoron na da tushe, amma gyaransa a wajen shigar da bayanai cikin rumbun yake, ba a hana mutum sunan da aka raɗa masa ba.

Ka ko kin?

Idan za ka fassara maɓallai zuwa Hausa, za ka ci karo da abin da Turanci bai damu da shi ba. "Ka manta kalmar sirri?" namiji kake tambaya. Mafi yawan masu sayen atamfar Alhaji kuwa mata ne. Hanyar da na bi ita ce umarni tsirara inda zai yiwu, kamar Shiga, Aika, Duba farashi, sai kuma "an" ko "ku" a sauran wurare: "An manta kalmar sirri?", "Mun karɓi saƙonku." Ka kuma bar wa maɓalli sararin numfashi, don jimlar Hausa kan fi ta Turanci tsawo, kuma maɓallin da aka yanka daidai kalma ɗaya ba zai ɗauki kalma huɗu ba.

Babban yatsa ba kibiyar linzami ba ne

Kibiyar linzamin kwamfuta tana iya sauka a kan ɗigo guda. Babban yatsan mutumin da ke cikin adaidaita sahu, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ba zai iya ba. Apple na ba da shawarar duk abin taɓawa ya kai 44 a faɗi da tsawo, Google kuma 48 a tsarinsa na Material Design. Ba girman kaɗai ba, har da tazara. Kada "Goge" ya zauna kafaɗa da kafaɗa da "Aika". Abin da aka fi taɓawa kuma ya sauko ƙasa inda yatsa ke kaiwa ba tare da an sauya riƙo ba. Maɓallin WhatsApp na Alhaji yanzu a gindin fuska yake zaune, duk inda ka gangara yana nan.

Duk wani abin da sai an ɗora kibiya a kansa yake bayyana, ka ɗauka babu shi a waya. Alamar layi uku da ke ɓoye menu kuwa, wadda Norm Cox ya zana wa kwamfutar Xerox Star tun farkon shekarun 1980, mu da muka saba mun san ta, amma na ga yayar mahaifiyata ta kalle ta ta wuce. Rubuta "Menu" a gefenta bai rage ni da komai ba.

A fom, gidan lambar waya a saka masa type="tel" don madannan lambobi su fito kai tsaye. A karɓi lambar yadda mutum ya saba rubuta ta, ko ya fara da sifili ya cika 11, ko ya fara da +234, ko ya raba ta da sarari. Gyara ta aikin kod ne, ba aikin mai saye ba. Kuma kada a kashe damar zuƙowa da yatsu biyu. Masu saye na son ganin saƙar shadda kusa, masu raunin gani kuma da ita suke karatu.

Sai halin sabis ɗinmu, wanda kan ɗauke ana tsakiyar abu. Idan mutum ya danna Aika bai ga komai ya motsa ba, zai sake dannawa, ya kuma sake. In oda ce ta zama uku, in biyan kuɗi ne kuwa an shiga rigima. Da an danna, maɓallin ya kulle kansa ya rubuta "Ana aikawa". In abin ya faskara, a faɗa da Hausar da za a gane, kuma kada a share abin da mutum ya sha wahalar rubutawa.

Kowane hoto kuɗin wani ne

Farar fuskar da ta sa ni gumi, hotuna ne suka jawo ta. Na ɗauke su da waya na ɗora yadda suke, kowanne megabait uku zuwa huɗu, guda talatin a shafin farko. Yi lissafi: kusan megabait ɗari kafin mutum ya ga yadi ɗaya da zai saya, kuma daga datarsa za a cira, ba tawa ba. Hoton da faɗinsa ya kai fiksel 4000 ba shi da abin yi a gurbin da bai kai 200 ba. Na rage girmansu, na mayar da su tsarin WebP da Google ya fitar a 2010, kowanne ya dawo 'yan kilobait gommai, ido kuma bai ga bambanci ba. Na ƙara loading="lazy" don kada a sauke hoton da ke can ƙasa sai an kusa isa gare shi. Na kuma rubuta faɗi da tsawon kowane hoto a cikin kod, don burauza ta tanadar masa wuri tun kafin ya iso. Rashin yin haka ne ke sa rubutu ya yi tsalle daidai lokacin da za ka taɓa abu, ka taɓa talla.

Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke cikin shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Ba hotuna kaɗai ke hana kaiwa ba. Tulin JavaScript da ake jibgowa don a sa abubuwa su riƙa shawagi sai wayar ta sauke shi, ta kuma narka shi, kuma wayar da ke da ƙwaƙwalwar gigabait biyu ba ta narka shi da saurin laftaf ɗinka. Masu Opera Mini a yanayin tsimin data mai tsanani ma, sabar kamfanin ce ke buɗe shafin ta matse shi ta turo musu, don haka yawancin wannan rawar ba ta isa wajensu. Zubin haruffa shi ma nauyi ne. Iri biyu sun isa, na jiki da mai kauri, a kuma saka font-display: swap don rubutu ya fito da haruffan wayar kafin naka su ƙaraso.

Chrome na kwamfuta na da wajen gwaji. Danna F12, za ka iya mayar da tagar girman waya, ka rage saurin sabis da gangan, ka kuma sa Lighthouse ya ba shafin maki. Yana da amfani, amma kwaikwayo ne. Na sayi tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi musamman don gwaji, kuma ba na miƙa aiki sai na fita da ita waje da rana na buɗe shafin da datar layi, ba da wayifai ba.

Da mako ya cika na koma shago, ban ma ɗauki laftaf ba. Yaron ya buɗe, kafin ya gyara tsayuwa kaya sun fito. Ya taɓa maɓallin kore, wayar Alhaji ta yi ƙara a aljihu. Alhaji ya yi dariya, ya ciro ta, ya ce bari shi ma ya gani a tasa.

A tasa, rabin kalmar "Yi magana da mu" ya yanke. Ashe ya sa an ƙara masa girman rubutu a saitin wayar saboda idonsa, ni kuma na yanka wa maɓallin tsawo tsayayye, rubutun ya girma, gidan bai girma ba. Na ari kujera a gefen tulin atamfa, na shiga ta wayata na cire awon tsawon, na bar sarari kawai a sama da ƙasan rubutun don maɓallin ya riƙa bin abin da ke cikinsa. Na ce, "Alhaji, a sake lodawa." Ya miƙa wa yaron ya loda masa, ya karɓa ya nisanta ta da fuskarsa, ya karanta kalmomin huɗu a bayyane, sannan ya tambaye ni nawa ne cikon kuɗina.